Me ya sa gwanin da ya fi kowa lokaci yake shan kaye a wasan ƙarshe na mita 800 da 1500?

Malamin_Wasanni_Kumo

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tambayata ga masana tsere ce, musamman masu horar da 'yan gudun matsakaicin zango. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wasan ƙarshe na mita 1500 na maza a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Jakob Ingebrigtsen na Norway ya shiga da lokacin da ya fi na kowa a filin, shi ya ja gaba tun daga farko, amma ya ƙare na huɗu, ko tagulla bai samu ba. Cole Hocker na Amurka, wanda ba a sa shi a lissafin zinare sosai ba, shi ya lashe. Kuma ba farau ba ne, an yi wa Ingebrigtsen haka a gasar duniya ta 2022 da ta 2023.

To me ke faruwa ne? Tsoro ne, ko akwai wani lissafi da mu masu kallo a talabijin ba ma gani? Dalilin tambayar, muna da yara 'yan sakandare a nan Kumo da ke gudun mita 800, ina son in san abin da ya kamata a koya musu daga waɗannan manyan gasanni. Allah ya saka da alheri.

Koci_Azare

Wa alaikumus salam, Malam. Ba tsoro ba ne. Tsere iri biyu ne suke amsa suna ɗaya, shi ya sa ake rikicewa.

Lokutan nan masu ban mamaki da kake gani a takarda, yawancinsu a gasannin kwana ɗaya ake yin su, irin Diamond League. A can akwai ɗan ja-gaba da ake biya ya ɗauki filin a gudun da aka yi yarjejeniya a kai, ya kai su mita 800 ko 1000 sannan ya fice. Yanzu ma har fitilu ake jerawa a gefen ciki na filin suna tafiya da saurin da ake so. Kowa sai ya shiga layi ɗaya kamar jerin gwano, ba turereniya, ba tunani, ƙafa kawai. Tarihin duniya na Hicham El Guerrouj na Maroko, 3:26.00 da ya kafa a Roma a 1998, a irin wannan tsere aka yi shi. Ka raba lokacin nan za ka ga kusan daƙiƙa 55 ne kowane zagaye na mita 400.

A Olamfik da gasar duniya babu ɗan ja-gaba, babu fitila. Ba wanda ke ba ka lamba don lokaci, matsayi ake ƙirgawa. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Dubi Rio a 2016: Matthew Centrowitz ya ci zinaren 1500 da 3:50.00, lokacin da tun 1932 ba a ci zinare da mai nawa irinsa ba. Sun yi ta rarrafe har zagaye biyu, kowa na jiran wani, shi kuwa yana gaba ya manne da layin ciki. Da aka buga ƙararrawa ya yi zagayen ƙarshe a cikin daƙiƙa 50 da 'yan kai. Mutanen da suka fi shi lokaci a takarda nesa ba kusa ba suna bayansa suna neman hanya, ba su samu ba.

Ga lissafin da ba a gani a talabijin. Faɗin layi ɗaya mita 1.22 ne. Mita 400 ɗin nan a layin farko kawai take, kuma ana auna ta ne santimita 30 daga bakin ciki. Duk mita ɗaya da ka matsa waje a kan kwana, ka ƙara wa kanka mita 3.14 a wannan kwanar kaɗai. Idan ka yi kwana guda a layi na biyu ka ƙara kusan mita 3.8, zagaye cikakke kuma fiye da mita 7. Mai gudun 800 a 1:44 yana cin kusan mita 7.7 a daƙiƙa, ke nan kwana ɗaya a waje ta cinye masa rabin daƙiƙa. A Paris, Emmanuel Wanyonyi na Kenya ya ci zinaren 800 da 1:41.19, Marco Arop na Kanada ya zo na biyu da 1:41.20. Kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ya raba su, tazarar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Ka ga ke nan rabin daƙiƙa dukiya ce.

Sai ka ce to kowa ya manne a ciki mana. Nan kuma wani tarkon yake. Idan kana ciki, da mutum a gabanka, da wani a kafaɗarka ta dama, an yi maka ƙofar rago. Lokacin da na gaba suka ɓalle, ba ka da mafita sai ka rage gudu, ka bari na waje ya wuce, sannan ka zagayo ta bayansa. Kafin ka gama wannan sun ba ka mita biyar, kuma sake ɗaukar gudu bayan ka taka birki ya fi komai cin ƙafa. Shi ya sa wurin da gogaggu ke kokawa a kai shi ne kafaɗar dama ta na gaba, ɗan baya kaɗan, a bakin layin farko. Asararka a nan kaɗan ce, na gaba yana tare maka iska, kuma ƙofarka a buɗe take duk sanda ka so fita.

Abin da Jake Wightman ya yi wa Ingebrigtsen ke nan a Eugene a 2022, Josh Kerr ya maimaita a Budapest a 2023, dukansu 'yan Birtaniya. Sun bar shi ya yi aikin ja-gaba kyauta, suna liƙe da shi, suka wuce shi a cikin mita 200 na ƙarshe. A Paris sai ya ce bari ya kashe musu ƙafa tun da wuri, ya yi zagayen farko ƙasa da daƙiƙa 55. Gudun tarihin duniya ke nan, shi kaɗai a gaban iska. Da suka fito kwanar ƙarshe hankalinsa na kan Kerr da ke tahowa ta waje, sai ya ɗan karkata don ya tare shi, layin ciki ya buɗe. Hocker, wanda ya gwada shiga ta nan da farko aka toshe shi, ya jira, ya sake gwadawa, ya wuce. 3:27.65, sabon tarihin Olamfik. Wanda ya shirya gudun da aka kafa tarihin da shi, shi ne ya tashi hannu rabbana.

Alƙalin_Tsere_BH

Koci ya yi bayani mai gamsarwa. Bari in ƙara ta ɓangaren doka da tsarin zagaye, don nan ma ana zubar da gwanaye da yawa kafin a kai ga ranar ƙarshe.

Babbar gasa ba tsere ɗaya ba ce. Akwai share fage, akwai na kusa da ƙarshe, sannan na ƙarshe. A Paris an ƙaro wani zagaye na ba da dama ta biyu ga waɗanda ba su haye share fage ba, daga mita 200 har 1500. A mita 800 na maza, wanda ya bi ta wannan hanya har ya kai ƙarshe zai yi tsere huɗu a kwana huɗu a jere. Don haka gwani na ƙwarai shi ne mai hayewa da mafi ƙarancin ƙarfi: ya shiga cikin waɗanda ake ɗauka, ya waiga, ya sassauta a mita goma na ƙarshe idan babu haɗari. Yaron da ya zuba duk abin da ke jikinsa a share fage don ya burge 'yan kallo, gobe da ƙafar katako zai tashi. Amma sassautawar ma da ido ake yin ta, an sha ganin wanda ya saki jiki aka wuce shi a kan layi.

A 800, zagayen kusa da ƙarshe yawanci rukuni uku ne, a ɗauki biyun farko daga kowane, sai a cike da mutum biyu mafiya lokaci cikin sauran, su zama takwas. Na uku a rukunin da aka yi nawa ya tafi gida ko da shi ne gwanin duniya. A 1500 kuwa, tun gasar duniya ta 2023 aka daina ɗauka da lokaci, matsayi ne zalla. Dalilin shi ne rukunin ƙarshe yakan san lokacin da ake bukata, na farko bai sani ba.

Tashi kuma, a 800 kowa a layinsa yake tashi, a tsaye, babu matokarar ƙafa irin ta 'yan gajeren zango, kuma umarni ɗaya ne sai bindiga. Dole ka zauna a layinka har ka gama kwanar farko ka wuce layin da aka zana, inda ake ɗora ƙananan alamomi. Ka shiga ciki kafin nan, an kore ka. Kuskuren da yara ke yi bayan layin shi ne su yanko ciki nan take kamar mai tsallaka titi. Ba a haka. Ka sa idonka a bakin kwana ta biyu, ka miƙe zuwa can a karkace. Ko daga layi na takwas kake, abin da za ka ƙara bai kai rabin mita ba, kuma ka tsira daga cunkoso. 1500 kuwa a kan lanƙwasasshen layi ake tashi gaba ɗaya, mita 300 sannan zagaye uku.

Turereniya da tare hanya suna jawo kora. Hocker ɗin nan da kansa, a gasar duniya ta Tokyo a 2025, an kore shi a zagayen kusa da ƙarshe na 1500 saboda ya kutsa tsakanin mutum biyu da ƙarfi a mita ɗari na ƙarshe. Ƙofar da ta buɗe masa a Paris ba ta buɗe ba a Tokyo, ya buɗe ta da kafaɗa, alƙalai suka ce a'a. Idan kuma kai aka kayar, ka tashi ka ƙarasa, sannan a shigar da ƙara. A Olamfik ta Tokyo a 2021, Nijel Amos na Botswana ya faɗi tare da Isaiah Jewett na Amurka a zagayen kusa da ƙarshe na 800, suka tashi suka ƙarasa tare, daga baya aka saka Amos a wasan ƙarshe.

Na ƙarshe, Malam, ka gaya wa yaranka cewa ƙirji ake dubawa a layin gamawa. Ba kai ba, ba hannu ba, ba ƙafa ba.

Baba_Tudun_Wada

Sannunku da ƙoƙari. Koci, ɗana, na yarda da lissafinka na kwana, amma ina tsoron Malam ya tafi da fahimtar cewa ja-gaba wauta ce, ya koya wa yara laɓewa a bayan mutane. Wannan zai cuce su.

Tsere mafi kyau da aka taɓa yi a mita 800 daga gaba aka yi shi. Landan, 9 ga Agusta 2012, David Rudisha na Kenya. Babu ɗan ja-gaba, bayan ya riga ya yi zagaye biyu na hayewa. Ya karɓi gaba tun a mita 200 na farko, ya yi zagayen farko a 49.28, ya gama a 1:40.91, tarihin duniya a wasan ƙarshe na Olamfik. Ba wanda ya taka masa dunduniya, ba wanda ya kulle shi, tun da ya karɓi gaba bai yi ko taku ɗaya a layi na biyu ba. Wanyonyi ma daga gaba ya ci nasa a Paris.

Bambancin 800 da 1500 ne ya kamata a duba. A 800 kusan kowa zagayensa na biyu ya fi na farko nawa. Rudisha kansa 49.28 sai 51.63. Abin da ake kira fizgar ƙarshe a 800, sau da yawa ba ƙarin gudu ba ne, wanda ya fi jinkirin mutuwa ne yake bayyana kamar yana tashi sama. Dave Wottle na Amurka a Munich a 1972, mai gudu da hula, ya kasance na ƙarshe a zagayen farko, ya zo ya ci a kan layi. Masu kallo suka ɗauka wata fizga ya yi, alhali gudunsa kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sauran ne suka zube. A tsere irin wannan, mai ƙarfi idan ya ja gaba da gudun da ya san zai iya riƙewa, yana cire wa masu jira haƙoransu. A 1500 kuwa tafiyar ta fi tsawo, tare iska na minti uku da rabi yana da tsada, shi ya sa na gaba yakan zama abincin na baya.

Kuma zancen gwani ya sha kaye ba sabo ba ne. Wilson Kipketer, haifaffen Kenya mai gudu wa Denmark, ya riƙe tarihin duniya na 800 daga 1997 zuwa 2010 da 1:41.11, amma bai taɓa cin zinaren Olamfik ba. A Sydney a 2000 Nils Schumann na Jamus ya doke shi a tseren da aka ci da 1:45. El Guerrouj ya faɗi ƙasa daf da ƙararrawa a Atlanta a 1996, Noah Ngeny na Kenya ya wuce shi a Sydney, sai a Atens a 2004 ya samu, ya haɗa da mita 5000. Mutumin da ya fi kowa a zamaninsa, sai a karo na uku.

Abin da nake so a koya wa yaro shi ne ya san kansa. Mai dogon taku da juriya, wanda ba shi da saurin mita 100, idan ya jira ƙarshe ya kashe kansa. Nasa shi ne ya fara matsa lamba daga mita 300 kafin ƙarshe, ko ma daga ƙararrawa. Mai sauri kuma shi ne zai jira.

Malamin_Wasanni_Kumo

Madalla, Allah ya ƙara basira. Baba, na fahimta. Sai dai matsalarmu, filin makaranta ne na ƙasa, babu layuka. Yaran suna yin tsakanin 2:05 da 2:15 a yadda muke aunawa. Ta ina za a fara?

Koci_Azare

Baba ya yi gaskiya, na karɓi gyara. Malam, fara da awo, domin lokacin da aka ɗauka a filin da ba a auna ba, ba lokaci ba ne.

Ka samo tef na awo, turaku biyu, igiya marar miƙewa, da toka ko farar ƙasa. Ka kafa turakun mita 84.39 tsakaninsu a kan layi ɗaya. Ka ɗaura igiya mai tsawon mita 36.50 a kowane turke, ka ja rabin da'ira ta waje, sannan ka haɗa bakunan da miƙaƙƙun layuka biyu. Wannan shi ne bakin ciki na filin mita 400. Yana bukatar fili mai tsawon fiye da mita 157 da faɗin fiye da 73, kafin ma a sa layuka. Idan bai isa ba, yi na mita 300: igiya mita 25, tsakanin turaku mita 70.52. Igiyar roba tana ƙaruwa idan an ja ta, za ta ɓata maka awon, ka sake gwada ta da tef kafin ka zana. Ka jera duwatsu ƙanana ko robobin ruwa a kan kwana, in ba haka ba yara za su riƙa yanke ta ba da saninsu ba.

Sai rabon gudu. Yaron da ke neman 2:05 ya yi zagayen farko a 61, na biyu a 64. A kowace mita 200 ke nan 30, 31, 32, 32. Abin da suka saba yi shi ne 56 a farko saboda ihun 'yan ajinsu, sai a mita 550 kafaɗu su hau kunne, kai ya koma baya, taku ya gajarce, su ƙare zagaye na biyu a 72. Ka tsaya a mita 200 da 400 kana kiran lokaci da ƙarfi har jikinsu ya haddace shi.

A mako, kwana biyu kawai na aiki mai zafi, kada su biyo juna. Rana ɗaya mita 300 sau biyar ko shida a gudun tsere, wato daƙiƙa 46 zuwa 47 ga mai neman 2:05, da hutun minti uku. Idan na huɗu ya zame da fiye da daƙiƙa biyu, ka tsayar da shi, abin da ya rage wahala ce kawai. Rana ta biyu ta dabara ce. Ka tara yara shida su yi mita 600 a dunƙule, ka saka ɗaya a ciki da gangan a kulle shi, aikinsa ya fita kafin mita 200 na ƙarshe ba tare da ya ture kowa ba. Zai koyi cewa fita tun a miƙaƙƙen layi ake fara ta, ta hanyar matsawa waje kaɗan-kaɗan, ba a tsakiyar kwana ba. Ku riƙa juyawa kowa ya ɗanɗani ciki, ya ɗanɗani gaba. Wani lokaci ka busa usur ba tare da sanarwa ba, duk wanda ya ji ya ƙara gudu na mita 50 sannan ya koma. Ba a fafe gora ranar tafiya, yaron da bai taɓa jin gwiwar hannun wani a haƙarƙarinsa ba zai rikice ranar gasa.

Sauran kwanakin gudu ne mai sauƙi na minti 30 zuwa 45, a saurin da za su iya hira, da hutun kwana ɗaya cikakke. Kada a raina wannan. Ko a 800 fiye da rabin ƙarfin daga numfashi yake zuwa, a 1500 kuma kusan kashi huɗu cikin biyar.

Ɗan_Dass

Ƙari kaɗan kan yanayi. Za ka ji ana cewa sirrin 'yan Kenya tudu ne. Gaskiya Iten, inda Rudisha ya yi horo a hannun Colm O'Connell, tana kan tsayin kusan mita 2,400, Bauchi kuwa wajen 600, Gombe ma ƙasa da haka. Jos tana wajen 1,200. Amma ga ɗan sakandare mai 2:10, ba tudu ne abin da ya rage masa ba tukuna, shekara biyu na gudu ba yankewa ne.

Abin da ya fi shafar ku shi ne zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu a yi aiki mai zafi bayan sallar asuba, kafin takwas an gama. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki zuwa minti 15 ko 20, kuma ranar da hazo ya yi kauri a bar gudun 300, musamman ga yaron da ke tari ko ƙirjinsa ke kuka. Wanda ya tashi daga zazzaɓi kada a mayar da shi aiki mai zafi a makon farko, ko da ya rantse ya warke. Takalmi mai ƙusa kuma kada ranar gasa ta zama ranar farko da zai sa shi, ƙwabrinsa zai ɗaure tun a share fage. Ya sa shi sau uku ko huɗu kafin nan, a 'yan gajerun gudu na mita 80 zuwa 100 bayan atisaye.